Wa Ke Shan Wutar Jirgin Erwan?

A garinmu Kanjenu, in aka ce Onorin ta duba abu, ba mai sake dubawa. Ba wai ta fi kowa sani ba ne. Ita dai ba ta yarda da abin da idonta bai gani ba, wanda ta gani ɗin ma sai ta sa hannu ta shafa. Ni Sesil, ƙaninta nake aure, ƙofarmu na kallon tata, kuma tun ina amarya kwale-kwale ɗaya muke shiga mu je yankan kawa, naman ruwa mai ɓawo da ke manne a saiwoyin itatuwan bakin ruwa. Mafi yawan abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Mijina ya ce ba da wannan hali aka haife ta ba. Tana budurwa lokacin da rikici ya yi tsanani a yankinmu. Wata safiya masu bindiga suka shigo gari, suka wuce gidaje da dama ba su tsaya ba sai a ƙofar mahaifinsu. Suka kira shi da sunan da tsofaffin gida kaɗai ke kiransa da shi. Ya fito ya bi su, bai dawo ba. Baƙo ba zai san wannan suna ba, ke nan wani ɗan gari ne ya ba su. Ba a taɓa gano ko wane ne ba. Onorin ta ci gaba da gaisawa da kowa, tana zuwa coci da kowa, tana dashen shinkafa da kowa, amma daga ranar ta daina barin ƙofa a buɗe. In za ta fita sai ta share yashin gaban ɗaki ya yi sumul, don in ta dawo ta ga sawun wanda ya zo. Rumbunta kuwa da wani ƙulli take ɗaure shi wanda ita kaɗai ta iya.

Mijinta Ampa Baji ya sha bamban da ita. Ƙato ne mai yawan dariya, a samartakarsa ɗan kokawa ne da ake zuwa kallo daga garuruwan maƙwabta. Ko da furfura ta fito masa, shi ke gaba in maza suka jeru da kajandu, doguwar shebur ɗinmu ta juya laka a gonar shinkafa. Gonarsa na tsallaken ruwa, kullum da damina sai ya haye da kwale-kwalensa.

A tsakiyar wannan ruwa da Ampa ke hayewa ne wani tsohon Bature daga Faransa, Erwan, yake ɗaure farin jirginsa mai doguwar sanda. Da rani yakan zauna a ciki, ya sayi kifi da kawa a wajenmu, ya sha bammi da maza. In hadari ya fara haɗowa sai ya koma ƙasarsu ya bar jirgin har ƙarshen damina. Da can Kumbas masunci ke kula masa da shi. Wata shekara Erwan ya dawo ya tarar batiransa sun mutu murus, ciki duk ya yi fumfuna. Bai yi faɗa da Kumbas ba. Ya je Dakar ya dawo da sababbin batira guda biyu, Ampa ya taya shi ɗauka da riƙe wayoyi har aka haɗa. Da lokacin tafiya ya yi, sai ya aiko a kira Onorin. Ya ce ya daɗe yana kallon yadda take buɗe kunnen kifi ta leƙa kafin ta saya.

Tare muka je. Ya ɗaga katakon da ke ƙarƙashin wurin zama ya nuna mata akwatuna biyu shuɗaye.

"Waɗannan ba irin na da ba ne," in ji shi. "Litiyam ake ce musu. Ba sa son a cika su maƙil a tafi a bar su, ba sa kuma son yunwa. Ɗan sama da rabi, nan ne daɗinsu."

"Kamar cikin tsoho ke nan," in ji Onorin.

Ya yi dariya. Ya nuna mata wani ƙaton jan makunni ya murɗe shi, ya ce komai na jirgin ya mutu yanzu, ban da famfon da ke zuƙe ruwa in ya taru a ƙasa. Farantin sola da ke kan rufi zai riƙa ba su wuta kaɗan-kaɗan, in sun kai inda ya saita ya tsaya. Ya wanke firiji ya bar murfinsa a ɗage don kada ya yi wari. Sannan ya nuna mata ɗan allo mai haske inda lamba ke fitowa.

"In lambar nan ta yi ƙasa sosai, akwai ɗan mai gadi a cikin batiran, zai yanke wuta gaba ɗaya don ya cece su. In ya yanke, famfo ya tsaya. In famfo ya tsaya a tsakiyar damina..." Sai ya nuna ƙasan ruwa da babban yatsa.

Onorin ta sa ya maimaita komai. Ta karɓi mabuɗin kwaɗon ƙofa ta rataya a wuya tare da gicciyenta.

Talata da Asabar da safe take zuwa, ni ke tuƙa ta. Takan fara da goge kashin tsuntsaye a kan farantin sola. Ta buɗe ƙofa ta tsaya tana shaƙar iska kafin ta shiga, ko za ta ji ƙauri. Ta buɗe tagogi iska ta ratsa. Ta ɗora tafin hannu a kan batiran ta ji ko sun yi zafi, ta bi gefensu da yatsa ko sun kumbura, ta goge bakin wayoyi da busasshen tsumma saboda gishirin iska. Ta ɗaga katakon ƙasa ta leƙa ruwa. Daga ƙarshe ta ɗauki hoton allon da wayarta, ta hau rufi inda ake samun layi ta aika wa Erwan. Farkon damina lambar ba ta motsa ba, har na fara ce mata aikin nan ko akuya aka ba za ta iya.

Da ruwan sama ya kankama, sai lambar ta fara sauka. Ba da yawa ba. Asabar ta fi Talata ƙasa kaɗan, Talata mai zuwa ta fi Asabar. Onorin ta ce gajimare ne ya hana rana. Ta ƙara goge farantin har yana ƙyalli. Lambar ta ci gaba da sauka har ta yi ƙasa da rabi.

Sai ga saƙon murya daga Erwan. Ya ce gajimare kaɗai ba zai yi haka ba, famfo ba ya cin wuta da yawa. Sannan ya ce, "Onorin, ko akwai mai shiga cajin waya? Ba faɗa nake ba, tambaya ce kawai."

Muna kan rufin jirgin ta yi ta maimaita saƙon, fuskarta ta ɗaure.

"Kin ji, Sesil? Ni yake tambaya ko ina sayar da wutarsa."

"Haba Yaya, ai ya ce tambaya ce."

"Ɓarawo ma da tambaya ake fara masa."

Ranar kafin mu tafi ta tsinke zare daga bakin zanenta ta ɗaura a ƙasan ƙofa, siriri, in ba ka sani ba ba za ka gan shi ba. Ta barbaɗa garin shinkafa a matakalar farko ta ciki. Da muka dawo, zare na nan, gari na nan ba sawu. Jan makunni a kashe, firiji a buɗe. Lamba kuwa ta sake sauka.

Daga nan Onorin ta daina barci mai daɗi, ta kuma hana mu sakewa. Kowa ya zama abin dubawa. In yara suka wuce da rediyo sai ta tambaye su inda suka samo wuta. Ta tare malamin makaranta a ƙofar coci tana tambayarsa me ya kai shi bakin ruwa ranar Laraba. Har ni ba ta bari ba. Muna cikin dafa kawa a tsakar gida, hayaƙi na cin idonmu, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Wayarki ba ta mutuwa kwanan nan."

"A shagon Malik nake caji, Yaya, kamar kowa."

"Na ji."

"Ki je ki tambaye shi mana!"

"Na tambaye shi jiya," in ji ta, ta ci gaba da juya tukunya.

Na kwana biyu ban shiga gidanta ba. Ita ce ta zo ta same ni da ƙwaryar manja, ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Wani lokaci kuma zargin ya koma kan Erwan kansa. Ta ce wa ya sani ko batiran jabu aka sayar masa, yana so ya ɗora mata. Ko kuwa gwada ta yake, yana da wata dabara da yake rage lambar daga ƙasarsu ya ga ko za ta ɓoye. Ampa yana zaune yana cin shinkafa da miyar kifi ya ce, "Ki bar jirgin mutane ya huta, Onorin. Rana za ta fito, komai zai koma." Ta harare shi ta ce shi komai a wajensa wasa ne.

A lokacin Ampa bai daɗe da murmurewa ba. Ƙarshen rani ya rame ƙwarai, yana ta shan ruwa kamar raƙumi, ya ce zafi ne. Ya je birnin Zigincor sayen sabon ƙarfen kajandu ya kwana can, bayan ya dawo jikinsa ya fara dawowa. Ya daina shan bammi, ya daina sa sukari a kofi, ya ce alkawari ya yi wa fadan cocinmu. Onorin ta yi ta mita cewa wani ne ya ba shi abu a ƙwarya, gara da ya daina. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Wanda ta fi sa wa ido shi ne Kumbas. Shi aka ƙwace wa aikin, ya san jirgin ciki da waje, kuma ana yawan ganinsa yana jefa taru kusa da shi. Ga shi ya yi sabuwar waya mai faɗi. Wata yamma masunta sun dawo, mata sun cika mashaya da kwanuka, Onorin ta ratsa ta tsaya a gaban kwale-kwalensa.

"Kumbas, da ka bar aikin Bature, ka mayar masa da mabuɗi?"

Ya ɗago yana warware taru. "Matar ɗan kokawa, lafiya?"

"Tambaya na yi maka."

"Na mayar. Me ya faru?"

"Ba ka kai wa maƙeri ya yi maka wani ba?"

Kumbas ya ajiye tarun a hankali.

"Ki faɗa ɓaro-ɓaro mana kowa ya ji. Ɓarawo kike ce mini?"

"Wani yana shan wutar jirgin nan. Kai ne kullum a gindinsa."

"Kifi ne ke taruwa a inuwarsa! Ko kifin ma na Baturenki ne? Wayar nan ɗana ya aiko mini daga Banjul, a tambaye shi. Kin ƙwace mini aiki ban ce uffan ba, yau kuma sunana kike so?"

Matarsa ta taso da wuƙar fiɗar kifi a hannu tana zage-zage, sai da aka shiga tsakani. Daga ranar gidan Kumbas suka daina amsa gaisuwarmu, har ni da ba ni na yi maganar ba. Da labari ya kai wa Ampa, na ga ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Na ɗauka kunyar abin da matarsa ta yi ce.

Sai aka shiga wani irin ruwa wanda ba ya ɗaukewa. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba, kaya suka ƙi bushewa, gishiri ya narke a tukunya. Ranar Alhamis da hantsi, ranar da ba tata ba, Onorin ta leƙo ɗakina da buhun leda a ka.

"Tashi mu je."

"Yau Alhamis, Yaya."

"Na sani. Shi ma mai shiga ya sani. Kada ki faɗa wa kowa, ko mijinki."

Muka bi ta bayan gari muka sauka ruwa inda ba a ganinmu. Zare na nan a ƙofa. Ta buɗe kwaɗo, tun ba ta sa ƙafa ba ta ɗaga mini hannu. Akwai wani ɗan gurnani a ciki, ƙasa-ƙasa. Jan makunni a kunne yake. Murfin firiji a rufe. Lambar allon kuwa ta yi ƙasa yadda ba mu taɓa gani ba, ga wata ƙaramar fitila tana ƙiftawa a gefenta.

Onorin ta kai hannu ta murɗe makunnin, gurnanin ya tsaya. Ta ɗaga murfin firiji, sanyi ya buso mana. A can ƙasa akwai ƙunshin leda. Ta warware: ƙananan kwalabe masu ruwa fari-fari, da allurai sababbi a cikin takardarsu.

Kowa a yankinmu ya san akwai masu ratsawa da mugun kaya ta ruwa daga kudu, kuma ba mutanen wasa ba ne.

"Yaya, mu tafi. Mu kira jandarma."

"Su zo su tarar da kayan a jirgin da mabuɗinsa ke wuyana? Wa za su kama?" Ta mayar da ƙunshin yadda yake. "Ki fita ki kulle ni a ciki. Ki mayar da zaren. Ki shiga cikin itatuwan can ki ɓuya, in kin ji ihu ki tafi gari ki kira maza."

Na roƙe ta har da hawaye. Ta zaro addar yankan kawa daga ƙugunta ta zauna a kan batiran. Na kulle ta, na tura kwale-kwale cikin saiwoyi inda nake hango ƙofar. Ruwa na dukana, sauro na cina, ina ta addu'a kada kowa ya zo.

Wajen tsakar rana na ji ƙarar filafili. Kwale-kwale ne daga tsallake, mutum ɗaya, ya rufa da buhu, kajandu a kwance a gabansa. Tun kafin ya juyo na gane faɗin kafaɗun. Ampa ne. Na ce a raina wucewa zai yi gida cin abinci kamar kullum. Sai na ga ya waiga hagu da dama, ya raɓa jikin jirgin ya ɗaure. Ya hau, ya je can gaba ya buɗe ramin da sarƙar anka, ƙarfen tsayar da jirgi, ke ciki, ya laluba ya ciro mabuɗi. Ya dawo ya tsuguna a bakin ƙofa, da manyan yatsun nan nasa ya kwance zaren matarsa a hankali ya ajiye a gefe. Ya buɗe. Ya miƙa doguwar ƙafarsa ya tsallake matakalar da ke da gari.

Ban ji ihu ba. Na tuƙa da sauri na hau. Na same su tsaye suna kallon juna, adda a hannunta, shi kuma ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Baban Lusi," in ji ta. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai.

"Ajiye addar, Onorin."

"Mene ne wannan a firiji?"

Ya dube ni, ya ga ba inda zan je, sai ya zauna. "Magani ne. Ciwon sukari gare ni. A asibitin Zigincor suka faɗa mini. Kullum sai na yi wa kaina allura, kuma sun ce ruwan allurar ba ya son zafi."

"Tun yaushe?"

"Tun da na je sayen ƙarfe."

"Mabuɗin fa?"

"Na ga inda Erwan ya ɓoye na biyu ranar da muka haɗa batiran. Litinin da Juma'a in na dawo daga gona nakan kwashe maganin in kashe komai in buɗe murfin, kafin ki zo da safe. In kin tafi in mayar."

"Da zarena?"

"Haba Onorin. Tun muna yara nake aurenki, zarenki ne ban sani ba?"

Ta ajiye addar a kan tebur. Na zaci za ta yi masifa, sai na ji ta fara magana a hankali.

"Na zargi malami. Na zargi Bature. Na zargi Sesil, ga ta nan. Na tsaya a mashaya na ci mutuncin Kumbas a gaban matarsa. Gari duka na bi da ido, kai kaɗai ne ban taɓa dubawa ba. Kana zaune kana cin shinkafata kana ce mini rana za ta fito."

"Ina zan ɓoye abu a gidanki? Ma'aikaciyar asibiti ta ce in sa a tukunyar ƙasa, to wace tukunya ce ba kya leƙawa? In kai firijin Malik, kafin la'asar gari ya ji."

"In gari ya ji fa? Sata ka yi?"

"Kin manta kawuna? Da ciwon nan aka yanke masa ƙafa, ya ƙare a kan tabarma yara na kore masa ƙuda. In maza suka ji, wa zai sake bari in shiga gaba a gona? Za su ce Ampa zauna, Ampa huta." Ya share fuska da tafin hannu. "Ke kuma da na faɗa miki, ba za ki yarda ciwo ne ba. Za ki ce wani ne ya yi mini. Da kin bi gari gida-gida."

Wannan maganar ta same ta. Ba ta musa ba. Sai ta ce, "Nuna mini yadda ake yi." Ya ɗaga riga ya tsunkuli fatar cikinsa ya yi allurar a gabanmu, ita kuwa ta sunkuyo tana kallon kowane motsi kamar ranar da Erwan ke nuna mata batira.

Muna cikin haka famfo ya tashi a ƙarƙashin ƙafarmu, fitilar nan ta ƙara saurin ƙiftawa. Onorin ta ɗaga katakon ƙasa, ruwa ya taru fiye da kullum. Ta ce in famfon ya ci gaba da jan wuta a haka, mai gadin batiran zai yanke kafin rana ta fito. Ta miƙa wa Ampa bokiti.

"Kai ka sha wutar, kai za ka zama famfo."

Haka aka yi. Duk sauran kwanakin ruwan, safe da yamma, mu uku muke zuwa. Ampa na durƙushe yana ɗiba, ni ina miƙawa, Onorin na zubarwa waje, don kada ruwa ya kai inda famfo zai tashi. Ba sa magana da juna sai ta bakina. Ta ce, "Sesil, faɗa masa ya ɗan huta ya ci wani abu." Ya ce, "Sesil, faɗa mata ban gaji ba." Maganin kuwa ya koma gida, cikin ƙaramar tukunya da aka binne a jiƙaƙƙen yashi a bayan randa. Sauran kwalaben ta kai wa ma'aikaciyar ɗakin shan magani na garin gaba ta ajiye a firijinsu. Da rana ta leƙo daga ƙarshe, lambar ta fara hawa a hankali, Onorin na zaune gaban allon ta ƙi tashi.

Ta kira Erwan ta faɗa masa komai, Ampa na tsaye a gefe. Ran Erwan ya ɓaci sosai. Ya ce da jirgin ya nutse fa? Shi ne gidansa a nan, ba shi da wani. Ya kashe wayar. Washegari ya sake kira, ya ce a ba shi Ampa, suka daɗe suna magana. Bai ce ya yafe ba, amma ya tambayi sunan maganin, ya kuma ce a ciro mabuɗi na biyu a ba Onorin.

Saura Kumbas. Onorin ta ce a mashaya ta zage shi, a mashaya za ta ba shi haƙuri. Ta jira yammar da mutane suka cika, ta je ta tsaya inda ta tsaya a da.

"Kumbas, na yi maka ƙazafi. Ba kai ba ne. Ka yi haƙuri."

Bai ɗago ba. "To wane ne?"

Ta kawar da kai.

"A'a, ki faɗa. Da kika ce ni ne ai ba ki yi shiru ba. In ba ki faɗi suna ba, gobe za a ce rufa mini asiri kika yi."

Mutane suka ce gaskiyarsa. Onorin ta tsaya kamar an dasa ta, na san ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba. Sai ga Ampa ya ratso daga baya da kajandu a kafaɗa.

"Ni ne, Kumbas. Ciwon sukari ya kama ni, na ɓoye maganina a firijin Bature. Ina ji aka zage ka na yi shiru. Laifin nawa ya fi nata."

Aka yi ta kallon-kallo. Kumbas ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai da kake ɗaga ƙato ka maka da ƙasa, 'yar kwalba ce ta sa ka laɓe-laɓe kamar ɓera?" Ya tofar da yawu a ruwa. "Surukata shekara nawa tana allurar nan, har yau ita ke daka shinkafarta."

Wasu suka yi dariya, Ampa ma ya yi murmushin yaƙe. Kumbas ya karɓi hannunsa, amma na Onorin bai karɓa ba. Har yau in ta gaishe shi da kai kawai yake amsawa, matarsa kuwa ko hakan ba ta yi.

Abin da Ampa ya ji tsoro ya ɗan faru. Da aka zo noman gaba, samari suka ce ya koma tsakiyar layi. Ya yi fushi ya yi kwanaki bai fita ba, daga baya ya fita ya tsaya a tsakiyar, yana ta zagin na gaba wai kunyar da suke hudawa ta karkace.

Da Erwan ya dawo ƙarshen damina, ya tarar da batiransa lafiya, ɗan sama da rabi. Ya ba wasu abokansa labarin Onorin, yanzu jirage uku take kula da su in masu su sun tafi. Ta daina zuwa Talata da Asabar. Ba mai sanin ranar da za ta je, ni kaina sai na ji ta ƙwanƙwasa mini taga. Kowace safiya ita ke yi wa Ampa allura a ƙofar ɗaki, ƙafafunsa kuma sai ta duba su yatsa-yatsa kafin ya sa takalmi, ko ƙaya ta soke shi bai ji ba. Yana ce mata jandarma.

Makon jiya na hango shi bayan coci yana shan mangwaro da sauri, ruwan na bin gemunsa. Ya gan ni ya ɗora yatsa a baki. Na ce masa, "Yaya Ampa, ni ba ruwana. Amma ka wanke gemun nan kafin ka isa gida."